Birai da ƙwayar maye: amsa ga mai tambaya daga Tawa

Wani bawan Allah daga Tawa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice. Ƙanensa ɗan kabu-kabu ne, shekara biyu ke nan yana shan tramol. An yi faɗa, an yi nasiha, an sha rubutu, yaron ya rantse ya bari har sau uku, amma bai taɓa wuce kwana huɗu ba sai ya koma. Ran nan sai ya ji wani likita a rediyo yana cewa har birai an gwada wa irin waɗannan magunguna, kuma sun kamu. Shi ne yake so ya sani: da gaske ne? Biri da ba shi da abokan banza, ba ya neman kuɗin cefane, me zai sa ya kamu? In kuwa gaskiya ne, mene ne amfanin sanin haka ga ƙanensa?

Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon zumunci, shi kuma yaron Allah ya yaye masa. Ni aikina harhaɗa magunguna ne da karantar da ɗalibai yadda suke aiki a jiki, a nan Yamai, kuma tambayarka ta taɓo abin da na daɗe ina so mutanenmu su sani. Maganar likitan nan gaskiya ce. Kusan shekara ɗari ke nan ana wannan bincike, kuma abubuwa da dama da muka sani game da yadda ƙwaya ke kama mutum, a jikin biri aka fara ganinsu ƙarara.

Bari in fara da asalin magungunan. Akwai wani tsiro mai fure da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan, Indiya da Turkiyya. Idan aka tsaga ƙoƙon ƴaƴansa tun yana ɗanye, wani farin ruwa ne ke tsattsafowa kamar na tumfafiya, ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Shi ne ofiyom, Larabawa na ce masa afyun. A farkon shekarun 1800 wani matashi Bajamushe mai aikin haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya tace mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, daga cikinsa. A 1832 Bafaranshe Pierre Robiquet ya fitar da kodin, wanda kuka sani a maganin tari. A 1874 aka sarrafa mofin a Landan aka sami hiroyin, kuma a 1898 kamfanin Bayer ya fara sayar da ita a matsayin maganin tari, ana zaton ta fi mofin sauƙin bari. Kafin a gane ta fi shi mugunta, ta riga ta kama ɗimbin mutane. Wannan darasi ne ya sa a 1929 aka kafa kwamiti a Amurka don neman maganin ciwo mai ƙarfin mofin wanda ba ya kama mutum. To, duk sabon maganin da aka ƙera, yaya za a san halinsa kafin a saki wa jama'a? Nan ne biri ya shigo.

Birin da aka fi amfani da shi ana ce masa resus, ɗan Indiya ne da maƙwabtanta, girmansa bai kai na gwaggon birin da ake gani a gandun dajin W ba, ya fi kusa da jan birin da ke yi wa manomanmu ɓarna. Mutumin da ya fi kowa suna a wannan aiki shi ne Maurice Seevers. Shi da Tatum da Collins sun wallafa aikinsu na farko a 1929, ya faɗaɗa shi a 1936, daga baya ya kafa garken birai a Jami'ar Mishigan waɗanda ake yi wa allurar mofin, miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan awa shida, dare da rana.

A kwanakin farko, allura na shiga sai birin ya lafa. Dabbar da ba ta yarda a kusance ta sai ta zauna ta sunkuyar da kai, ido a lumshe, numfashi ya ragu, ta yi ta susar jiki. Wannan susa, duk wanda ya zauna da masu shan kodin ya san ta. Ciwo ma ba ya damunsa: akwai gwajin da ake tsoma ƙarshen wutsiyarsa a ruwan zafi, lafiyayyen biri nan take yake fizgewa, wanda aka yi wa mofin kuwa sai ya bar ta. Bambanci ɗaya da nakan nuna wa ɗalibai shi ne ƙwayar ido, ta mutum tsukewa take yi ta koma kamar tsinin allura, ta biri buɗewa take yi. Bayan ƴan makonni duk wannan lafawa sai ta ragu. Adadin da ke kwantar da shi jiya, yau ba ya yi masa komai, ka gan shi yana cin abinci yana tsalle kamar sauran birai. Jiki ya saba. Mai kallo daga waje zai rantse lafiyarsa ƙalau.

Sai an hana shi allurar ne asiri ke tonuwa, kuma Seevers ya rubuta abin daki-daki. Da farko birin ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi ta hamma, hanci na yoyo, ido na hawaye, jiki na kyarma, ya riƙa neman faɗa da ƴan'uwansa. Can gaba ya ƙi abinci, gashin jikinsa ya miƙe, tsoka na tsalle, ya duƙa ya rungume ciki saboda murɗa. Idan abin ya tsananta sai amai da zawo, barci ya ƙaurace, ya yi ta kuka, ya kwanta a gefe ɗaya ido rufe. Waɗanda abin ya fi tsananta gare su ruwan jikinsu kan ƙare, su rame, wani lokaci har mutuwa. Da an yi masa allurar mofin kuwa, cikin ɗan lokaci sai ya miƙe kamar ba shi ba. Ni a aji ina kiran wannan hali ciwon yaye, domin ya yi kama da yaron da aka cire daga nono rana ɗaya, sai dai wannan ya ninka shi nesa ba kusa ba. Malam, ka sake karanta jerin nan, ka tuna yadda ƙanenka yake a kwana na biyu da na uku duk lokacin da ya bari. Ina da yaƙinin za ka ce biri ya yi kama da mutum.

Da wannan garke aka yi shekaru ana tantance sababbin magunguna da ake aikowa daga kamfanoni da jami'o'i. Dabarar mai sauƙi ce. A hana birin mofin na wajen awa goma sha huɗu har ciwon yaye ya bayyana, sannan a ba shi sabon maganin, mai lura da shi kuma bai san abin da aka ba shi ba. Idan ciwon ya kwanta, to sabon maganin ɗan gidan mofin ne komai sunan da aka raɗa masa, kuma zai iya kama mutum.

Amma a wancan zamani akwai masana da suka ce duk wannan sabon jiki ne kawai. A ganinsu jaraba, wato mutum ya san abin da ke damunsa, ya san maganinsa, ya tashi ya nema, sai ɗan Adam mai harshe da tunani. Wani mai bincike, Spragg, ya wallafa aikin da ya karya wannan magana a 1940. Ya yi aiki da manyan biran nan masu kama da mutum da ake kira cimfanzi, a wata cibiya ta Jami'ar Yale da ke Fulorida. Bayan sun saba da mofin, idan lokacin allura ya yi sai su kama hannun mai kula da su ko rigarsa, su ja shi zuwa ɗakin da ake yi musu, su gyara tsayuwa suna jira. Ya kuma ajiye musu akwati biyu, ɗaya da sirinji, ɗaya da ayaba, kowanne da sandar buɗe shi. Idan birin ya sami allurarsa kuma yana jin yunwa, akwatin ayaba yake buɗewa. Idan yana cikin ciwon yaye, ko kallon ayabar ba ya yi, sai sirinji. Wannan gwaji shi ne zuciyar amsata gare ka, kuma zan komo kansa.

A shekarun 1960 aka ƙara gaba. James Weeks ya fara da ɓeraye a 1962, Thompson da Schuster suka yi da birai a 1964, sannan a 1969 Deneau da Yanagita da Seevers suka fitar da aikin da har yau ake karantarwa. Ana sa wa biri siririn tiyo a jijiya, a haɗa da ɗan famfo, a sa madanni a cikin kejinsa. In ya danna, magani ya shiga jininsa. Babu mai tilasta shi, babu mai koya masa, kuma waɗannan birai ba su taɓa ɗanɗana komai ba. Da aka sa ruwan gishiri, suka danna kaɗan suka watsar. Da aka sa kulofuromazin, maganin da ake ba masu taɓin hankali, ba su so shi ba. Da aka sa mofin, kodin, hodar iblis, amfetamin, barasa ko maganin barci, suka riƙe madanni. Na mofin suka yi ta ƙara adadi mako bayan mako, suna sha kullum babu fashi. Masu hodar iblis da barasa sukan yi ta sha kwanaki sannan su tsaya da kansu su sake dawowa, amma mai mofin ba ya ba kansa hutu, domin hutu a wurinsa ciwo ne. Daga baya aka riƙa tsawwala farashi, wato a ninka yawan dannawar da ake bukata kafin allura ɗaya ta fito, don a ga inda birin zai haƙura. An ga birai suna danna madanni sau dubbai saboda allura guda, kuma wanda jikinsa ya riga ya saba ya fi wanda bai saba ba naci.

Ka ga ke nan abubuwa biyu ne. Akwai daɗin da ke jawo biri tun farko, tun jikinsa bai san komai ba. Akwai kuma azabar da ke hana shi fita bayan ya shiga. Na farko igiya ce ta ja, na biyu ƙofa ce da aka kulle ta baya.

Me ya sa ruwan wani fure na Asiya zai yi irin wannan iko a kan biri da mutum? An sami amsar a 1973, lokacin da Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka, da wasu masana biyu kowa a nasa wuri, suka gano cewa a ƙwaƙwalwa akwai wasu makarɓai da aka yi daidai da mofin, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. A 1975 Hughes da Kosterlitz a Abadin ta Sikotilan suka gano cewa jiki da kansa yana yin nasa makullin. Su ne sinadaran da ake kira enkefalin, daga baya aka gano ɗan'uwansu endofin. Allah ya halicce mu da su don rage zafin ciwo da kawo natsuwa. Mofin makullin aro ne da ya fi na gida ƙarfi, yana buɗe ƙofar ya bar ta a buɗe. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta son a rinjaye ta, sai ta yi ta turawa ta ɗaya gefen don ta daidaita. Akwai wani ɗan gungu a gindin ƙwaƙwalwa mai sakin sinadarin faɗakarwa da fargaba, mofin na danne shi, shi kuma yana ƙara ƙarfi a ƙarƙashin dannewar. Ranar da aka janye mofin sai ya ɓalle gaba ɗaya, shi ne gumi, bugun zuciya, kyarma da tashin hankali. Eugene Redmond na Jami'ar Yale ya lura cewa idan aka zaburar da wannan wuri a ƙwaƙwalwar lafiyayyen biri, yakan nuna alamu irin na mai ciwon yaye. Daga nan ne a 1978 shi da Gold da Kleber suka gwada kulonidin, maganin hawan jini, ga masu barin metadon, wani magani ɗan gidan mofin, ya sassauta musu. Har yau likitoci na amfani da wannan.

Akwai wani ɓangare da ya fi taɓa mini zuciya, kuma ba a cika faɗarsa ba. In ka taɓa tsayawa gaban kejin birai a gidan tarihi na Boubou Hama, za ka ga ɗaya ya miƙa baya, ɗaya na tsefe masa gashi yana tsince masa datti. Wannan shi ne gaisuwarsu da hirarsu da zumuncinsu. Barry Keverne da abokan aikinsa a Kambirij sun nuna a 1989, a jikin wasu ƙananan biran Afirka da ake kira talafoyin, cewa wannan tsefe yana ƙara endofin a ruwan ƙwaƙwalwa. Idan aka ba biri maganin da ke toshe makarɓan, sai ya yi ta bin ƴan'uwa yana roƙon a tsefe shi. Idan aka ba shi mofin kaɗan, wanda bai kai ya sa shi barci ba, sai ya daina nema. A 1988 Ned Kalin a Wiskonsin ya raba jariran birai da uwayensu na ɗan lokaci. Jaririn yakan yi ta wani kira mai ban tausayi. Ɗan mofin kaɗan ya rage kiran, maganin toshewa ya ƙara shi. Ma'ana, hanyar da ɗumin uwa da hannun ɗan'uwa ke bi su kwantar da hankali, ita ce hanyar da ƙwaya ke bi. Shi ya sa za ka ga yaron da ke da fara'a ya daina zama cin tuwo da ku, rasuwa ko suna ba su ɗaga shi, kukan mahaifiyarsa ba ya ratsa shi kamar da. Iyaye sukan ce zuciyarsa ta ƙeƙashe. Ni abin da nake gani shi ne ƙishin mutane da Allah ya sa masa an kashe shi da ruwan aro. Kuma ta ɗaya fuskar, ina ganin wannan na cikin abin da ke sa ƙwaya saurin kama ɗan ci-rani da ya bar Adar ya tafi Abijan ko Libiya, ko mai haƙar zinariya a Jado, wanda ya yi watanni babu mai tambayarsa yaya ya kwana.

Sai batun komawa bayan an bari. Steven Goldberg da Charles Schuster sun yi wani gwaji a ƙarshen shekarun 1960. Birai masu sabo da mofin, sai a kunna musu wata alama, ƙara ko fitila, sannan a yi musu allurar da ke tayar da ciwon yaye nan take. Bayan an maimaita ƴan lokuta, alamar kaɗai ta isa ta sa biri ya daina aikin neman abinci, yawu ya zubo, har ya yi amai. Aka yaye biran sarai, suka warke, aka bar su watanni. Da aka sake kunna alamar, jikinsu ya amsa. Ƙanenka yana da irin waɗannan alamu birjik: tashar da yake jiran fasinja, fadar da suke shan shayi, mai tallar magani a faranti, ƙarar moto da sassafe, har kalar takardar ƙwayar. Yana iya yin wata biyu lafiya, ya bi ta wata kwana, jikinsa ya tuna tun kafin shi ya tuna.

Yanzu in komo kan akwatunan Spragg. Stevens Negus ya sabunta gwajin a 2006, ya ba birai zaɓi tsakanin hiroyin da abinci. Birin da jikinsa bai saba ba yana auna abin: in ƙwayar kaɗan ce ya ɗauki abinci, in ta yi yawa ya ɗauke ta. Amma wanda ya saba, da zarar ya shiga ciwon yaye sai ma'aunin ya karkace, ya bar abinci saboda ɗan abin da a da ba zai kula shi ba. Da aka ba shi metadon, wanda ke kwantar da ciwon yaye a hankali na tsawon yini, sai ya koma zaɓen abinci. Dabba ɗaya ce, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma zaɓinta ya danganta da halin da jikinta ke ciki a wannan sa'a. Rantsuwar da ƙanenka ya yi maka sau uku, ni na yarda da gaske ya yi ta. Ya yi ta ne lokacin da ƙwaya ke jikinsa, hankalinsa a kwance, kamar birin da ya buɗe akwatin ayaba. Wanda ya karya ta a kwana na uku mutum ne da kowace gaɓa tasa ke ihu. Ban ce ba shi da laifi ko zaɓi ba, mutum yana da hankali da imani da kunya waɗanda biri ba shi da su, kuma su ne jarinsa na fita. Amma wanda ya ce a ɗaure shi da mari a yi masa bulala har ya bari, ya sani azaba yake ƙarawa a kan azaba, kuma ranar da aka kwance shi alamun nan na tasha suna nan suna jiransa.

To tramol fa? Shi ba daga furen aka tatso shi ba. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya ƙera shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. An gwada shi a birai, Yanagita ɗin nan na Japan ya wallafa sakamakon a 1978, kuma ya nuna bai kai mofin kama jiki ba. Gwajin farko da aka yi wa mutane ta hanyar allura shi ma haka ya nuna. Wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta karɓe shi a 1995 ba tare da tsauraran sharuɗɗa ba, sai a 2014 ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido, Masar ta tsaurara a 2012, Indiya a 2018. A nan ne ya kamata mu san iyakar gwajin biri. Tramol da kansa makulli ne mai rauni. Sai ya bi ta hanta ta juya shi zuwa wani sinadari da ya fi shi kama makarɓan mofin nesa ba kusa ba. Wanda ya haɗiya, maganin hanta yake fara isa, don haka haɗiya ta fi allura fitar da halinsa na mofin, akasin yawancin ƴan gidansu. Sannan ga adadi. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a bakin hanya a ƙasashenmu akwai mai 120, mai 225, mai 250, yaro ya watsa biyu ko uku a shayi tun da safe, ya ƙara da rana. Birin bai yi ƙarya ba, ya amsa tambayar da aka yi masa ne, mu kuma a tashoshinmu wata tambayar daban muke yi wa maganin.

Tramol yana da hannu na biyu da mofin ba shi da shi. Yana ƙara sinadaran serotonin da noradirenalin a ƙwaƙwalwa, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Shi ya sa mai shansa ke jin ƙarfi da rashin gajiya maimakon barci, abin da ya sa ƴan kabu-kabu, masu dako da ƴan ƙwadagon albasa a Galmi suke faɗawa hannunsa. Ba don nishaɗi yawancinsu suka fara ba, don a kai yamma ana aiki ne. Wannan hannun ne kuma ke jawo farfaɗiya idan adadi ya yi yawa, ka ji an ce ɗan moto ya faɗi yana tafiya babu abin da ya buge shi. Wajen bari ma ciwonsa biyu ne. Ban da irin na biran Seevers, wasu kan sami firgita mai tsanani, ruɗewa, jin kamar ana tsira musu allurai a jiki, har gane-gane da jiye-jiye. A gidajenmu nan take za a ce iska ce ta taɓa shi. Ku yi addu'a, amma ku gaya wa likita.

Dole in faɗi abu biyu da ke damuna. Na farko biran nan sun sha wuya, kuma mu da aka karantar da mu cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, bai kamata mu karanta labarinsu babu nauyi a zuciya ba. Indiya ta hana fitar da biranta a 1978, kuma a 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina amfani da cimfanzi. Tunda an riga an biya wannan farashi, mafi ƙarancin haƙƙinsu a kanmu shi ne mu yi aiki da abin da aka koya. Na biyu, kada wannan bayani ya sa a ƙyamaci mofin a asibiti. Mai ciwon daji, mai amosanin jini da ciwo ya tayar wa, wanda aka yi wa babban aiki, duk suna da haƙƙin a kashe musu ciwo, kuma a ƙasashenmu ƙarancin mofin a asibitoci ya fi yawansa zama matsala. Majinyacin da ya daɗe a kansa jikinsa zai saba, likita ya janye masa a hankali, ya koma gida bai taɓa sha'awar nemansa ba. Sabon jiki daban, jaraba daban.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ku sake sa shi ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ku kai shi babban asibitin jiha na Tawa, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa a Yamai, ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha da abin da yake haɗawa da shi, musamman diyazefam (maganin barci da kwantar da hankali) ko barasa, domin su ne ke haɗuwa da tramol su tsayar da numfashi. Ku tafi da takardar ƙwayar a gani, saboda yanzu akwai masu kama da tramol da ke ɗauke da tafentadol, wanda ya fi shi ƙarfi. Likita zai tsara ragewa mataki-mataki cikin makonni, ya ba shi abin da zai sassauta zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Tsananin ciwon yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, ya fara sauka cikin mako guda, wato duk sau ukun nan ƙanenka ya juya ne yana dab da gangara. Kasala da rashin barci da ɓacin rai kan ja makonni bayan haka, ku sa ran su don kada ku ce ya kasa. A inda ake da cibiyoyi na musamman, kamar wadda aka buɗe a asibitin Fann na Dakar a 2014, ana riƙe masu tsananin kamu da metadon, kuma abin da aka gani a zaɓin biran nan yana nuna dalilin amfaninsa.

In da hali, a raba shi da moto da tashar na wasu watanni, a sama masa wani aikin a wani wuri, ko gona ko shagon wani ɗan'uwa, aikin da ba zai bukaci ƙarfin aro ba. Kada a bar shi ya ci abinci shi kaɗai, ko da ba ya magana, ko da yana hantarar mutane, a zauna da shi. Kuma ka gaya masa wannan da bakinka tun kafin ya fara: bayan ya yi ko da mako biyu bai sha ba, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. Idan tsautsayi ya sa ya koma, adadin da yake sha a da yana iya kayar da shi da farfaɗiya ko ya ɗauke masa numfashi. In kun same shi ba ya farkawa, numfashi na ja da ƙyar, leɓe ya canza launi, ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a ɗura masa madara ko ruwa, ku garzaya asibiti ku faɗi sunan abin da ya sha, akwai allurar nalokson da ke tumɓuke makullin daga kwaɗon.